Abin da Mota Ke Faɗa Idan Ta Ƙi Tashi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kin iske gwaggonki da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa albarka a hannunki a kan matan da za ki riƙa karɓar haihuwarsu, ya raba ki da sharrin ƙarfe da na mutum. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in rubuta miki labarin gida, na ce wannan ku ƙarata a waya, ni abin da ke raina daban ne. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban taɓa iya yi miki faɗa ido da ido ba, to yau ga takarda ta shiga tsakani.

Kin san al'adarmu ni da ke. Tun da kika fara tuƙi, duk ranar da motarki ta ƙi tashi sai ki kira ni, ki kara waya a jikin inji, ki murɗa makulli, ni kuma daga kan tabarmata in gaya miki abin da ke damunta. Wannan ya ƙare, Uwata. Kunnena yana tafiya. Likita ya ce ƙarar gingimari ta shekara da shekaru ce ta cinye shi, kuma ba ya dawowa. Ranar nan da kika kira ni daga bakin kasuwar Jega, wallahi ban ji komai ba sai wani shuu. Da na ce ki duba kan batir, canka na yi, Allah ya rufa mini asiri. Yanzu ga shi an tura ki ƙaramin asibitin ƙauye can gefen Yauri, inda in haihuwa ta gardama, 'yar motar nan taki ce za ta kai mace babban asibiti. Ranar da za ta ƙi tashi da mai naƙuda a kujerar baya, ba ni kusa, kuma ko kin kira ba zan ji ta ba. Abin nan yana hana ni sakewa. Don haka zan gaya miki abin da kunnen nan ya ji kafin ya gaji, da inda mai kunnen ya yi wauta.

Ni ɗan manomi ne daga Dangamaji, kin sani. Ranar da na fara ganin inji a buɗe, a garejin wani bakanike a nan Jega, na daɗe a tsaye ina kallo. Aka nuna mini inda mai ke haɗuwa da iska, wuta ta kama a cikin rufaffen ƙarfe, ta mutu, ta sake kamawa, kafin ƙiftawar ido ta yi haka ba adadi. Ba ta ƙone motar ba, ba ta ƙone mai tuƙi ba, sai dai ta ja buhunan albasa waɗanda garken shanu ba zai motsa su ba. Har na tsufa abin nan bai daina ba ni mamaki ba. Wanda ya fi ɗaure mini kai kuwa shi ne, duk ƙarfin nan ba ya iya tayar da kansa. Sai wani ɗan abu da ke maƙale a gefensa, wanda muke ce wa kik, ya ɗebi wuta daga batir ya juya shi. Kik ɗin yana jiran wata 'yar waya, wayar kuma tana jiran yatsunki a kan makulli. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam wannan. Kuma da na daɗe da ita sai na gane mota ba ta ƙin tashi a ɓoye. Tana faɗin abin da ke damunta tun daga murɗawar farko, mu ne ba mu tsayawa mu ji.

Ina sabon direba, jini na tafasa, aka yi mini lodin albasa a Kashin Zama. Bazara ce, ana zafin nan na ƙasar Aliero da kika sani. Kayan wani manomi ne, Malam Garba, noman shekararsa gaba ɗaya, ya daɗe yana tattalinta yana jiran kasuwa ta yi kyau. Aka ɗaure tamfol, na hau, na murɗa makulli. Inji ya juya sosai amma bai kama ba. Na sake, haka. Maimakon in sauka sai na zuciya, ina murɗawa ina zaginta, ita da wanda ya ƙera ta. Kowace murɗa muryarta na ƙara yin ƙasa, ni kuwa fushi ya toshe mini kunne tun kafin tsufa ya toshe shi. Har ta kai in na murɗa ko tari ba ta yi.

Ashe iska ta sha. Na bar tanki ya yi ƙasa ƙwarai, bututun mai ya zuƙi iska, abin da ake fitarwa da ɗan famfon hannu kafin mutum ya gama alwala. Ciwo ɗaya ta zo mini da shi, na mayar mata biyu, don ga batir na kashe. Mota da kaya a cikin yashi ba ta turuwa, waya kuma babu a lokacin. Sai da na ɗora batir a keke zuwa Aliero, daga can na nemi mota zuwa Jega aka yi masa caji. Kafin in dawo albasa ta yi gumi a ƙarƙashin tamfol, ita kuwa ba ta ruɓewa ita kaɗai, sai ta ja maƙwabciya. Tun daga nesa wari ya tare ni. Na iske Malam Garba a durƙushe yana tsince mai rai daga cikin matacciya. Na so ya zage ni, bai yi ba. Ya ɗago kawai ya ce, "Yaro, da ka saurara mata, ai da ta hwaɗa maka abin da taka so." Har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, bayansa nake gani a sunkuye.

To ki riƙe wannan. In inji yana juyawa da ƙarfinsa bai kama ba, batir da kik sun fita daga zargi, ki daina wahalar da su. Ko dai mai ba ya zuwa, ko wutar fulogi. Ki murɗa makulli rabi, ki yi shiru, za ki ji wani ɗan gurnani daga baya wajen tanki, famfon mai ke nan yana gaishe ki. In ba ki ji shi ba, ki buɗe akwatin fiyus, ki zaro nasa ki ɗaga shi a haske, in zaren cikinsa ya tsinke ki sa wani mai lamba irin tasa. Kada ki yarda da allurar mai ta motarki, ni na san halinta, maƙaryaciya ce. In kin ratsa ruwa ne, ki goge wayoyin fulogi da busasshen tsumma ki ba su lokaci. Tsakanin murɗa da murɗa kuma ki bar batir ya huta. Na san zuciyarki, don ni na ba ki ita.

Wauta ta biyu a tashar Maiyama na yi ta, lokacin ina jan a-kori-kura, na ɗebo 'yan kasuwa da kayansu. Na murɗa makulli, sai ta ce ƙat, ta yi shiru. Na sake, ƙat. Nan take na yanke hukunci a gaban jama'a, da muryar wanda ya san aiki, na ce kik ya mutu. Na shiga ƙarƙashinta na kwance shi, na hau wata motar na kawo shi Jega. Bakanike ya ɗora masa wuta, sai ga shi yana juyawa kamar katantanwa. Na koma na mayar, na murɗa, ƙat. Mutanena sun riga sun rasa kasuwar ranar, wasu sun sauke kayansu suna harara ta. Don gajiya na jingina, na dafa batir, sai na ji kansa ya juya a hannuna. Na ɗaga, ga wani farin gari mai kore-kore ya cika ƙarƙashinsa. Na wanke da ruwan zafin mai shayi, na kankare, na ɗaure, ta tashi bugu ɗaya. Na zauna ina kallon garin nan a yatsana, bai kai wanda ake lasa a ɗanɗana gishirin miya ba, amma ya tsayar da mota da mutanenta yini guda. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido.

Don haka in ta ce miki ƙat, ko ta yi ta ƙat-ƙat-ƙat da sauri, ki fara da na kusa kafin ki zargi na nesa. Kunna manyan fitilu, ki sa wani ya tsaya a gaba, sannan ki murɗa. In hasken ya dushe, wuta ce ba ta isa, ki girgiza kawunan batir, ki bi baƙar wayar da ta tafi jikin mota ki ga ko ta saki. In kawunan lafiya suke, batir ne ya yi sanyi, ki nemi mai mota ya ba ki wuta, jar waya a kan jar, baƙar kuma a jikin ƙarfen inji. In kuwa fitila na nan tar ba ta motsa ba, to a nan ne za ki dubi kik. A ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana ana murɗawa, sau da yawa yakan farka ya kai ki inda za ki, amma daga can sai gareji. Na ce a ƙwanƙwasa, ban ce a yi masa dukan ɓarawo ba. Kafin ki taɓa batir ki cire zobe da awarwaro, tabon nan na yatsana da kike wasa da shi kina ƙarama zobe ne ya haɗu da sifana. Hijabinki ma ki tattare shi baya, fambel, igiyar nan da ke juyawa a gaban inji, ba ya sanin 'yar wane ce.

Ta ukun ita ce ban taɓa gaya miki ba, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Kin san Habsi, matar ƙanena Umaru ta Liba. A cikinta na fari naƙuda ta yi mata tsawo. Damina ce, da hantsi aka aiko mini, a-kori-kurata kuma tana gareji an sauke inji. Na ruga wurin wani dillalin albasa maƙwabcinmu, ya ba ni motarsa, irin mai sauya giya da kanta, wato irin taki. Ban taɓa jan irinta ba. Ya fara yi mini bayani, na katse shi. Ni da na kai gingimari har bakin teku za a koya wa 'yar wannan? Na ce ya nuna mini gaba da baya kawai. Ya tayar mini da ita da kansa, na ja.

Mu direbobin manyan motoci muna da wata al'ada da iyayen gidanmu suka dasa mana da ranƙwashi. Ba a ajiye mota a firi, wato ba ta cikin kowace giya. Birkin hannun gingimari ba abin amincewa ba ne, saboda haka in ka tsaya sai ka bar ta cikin giya, ka kashe, ka sa dutse. Wannan al'ada ta tsare rayuka da yawa, ni ma ta tsare nawa. Da na isa Liba hannuna ya yi abin da ya saba, na kashe ta tana cikin giyar tafiya, na bar makulli a jiki na shiga gida da gudu. Aka fito da Habsi a tabarma aka kwantar da ita a baya, Umaru ya riƙe kanta. Tsohuwa Tumba, ungozomar garin, ta shiga gaba kusa da ni. Na yi bisimilla na murɗa.

Shiru. Ba juyi, ba ƙat, ba komai. Fitilun gaban direba duk sun kawo tar, na danna hon ya yi ƙara har awaki suka watse. Na buɗe gaba, kawunan batir a ɗaure, fiyus lafiya. Duk abin da na sani na duba, kuma duk abin da na sani lafiyarsa lau. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don mota ta yi mini maganar da ban taɓa ji ba.

Kin san mutanenmu. Kafin in rufe gaban motar gari ya taru, waɗanda ke gonakin kusa sun yar da fartanya sun zo. Wani dattijo ya ce, "Mi aka jira? Ku kama mu tura ta!" Ni ma abin da na sani ke nan, duk motar da ta gagara a ƙasar nan turi ne maganinta. Suka tura daga ƙofar gidan har bayan masallaci, suka juyo da ita suka sake, cikin taɓo, manya da tsofaffi, har da liman ya naɗe riga. Ni kuma ina ciki ƙafata ta hagu tana lalube tana neman kulocin da babu shi. Irin wannan mota ko Liba da Maiyama za su haɗu su tura ta ba ta tashi, amma babu wanda ya sani a cikinmu. Ƙauna ce tsantsa ta sa su, suna haki suna salati. Rana tana ta ɗagawa, nishin Habsi kuma yana ta yin ƙasa.

Can tsohuwa Tumba ta ce a tsaya, turin yana jijjiga yarinya. Ta juya ta miƙa jiki baya don ta shafa mata ciki, tana addu'a. Gwiwar hannunta ta bugi sandar giya, ta zame zuwa firi. Ni ban ma lura ba. Na murɗa makulli ne kawai don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Inji ya tashi, lafiyayye, kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Jama'a suka ɗauki kabbara. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ka gani ko? Wagga ba aikin ƙarhe ba ta, tahi mu tahi." Na sa giya, na ja ta har muka hau kwalta.

An ceci Habsi a asibitin Jega. Ɗan bai zo da rai ba. Wata ma'aikaciya ta ce da mun zo da wuri, amma ba ta ƙarasa ba. Ko da mun zo da wurin zai rayu, Allah kaɗai ya sani, kuma na yarda kwanansa ke nan. Amma na san inda lokacin ya tafi. Da na mayar da motar na ba mai ita labari, ya riƙe baki, ya ce ai abin da ya fara gaya mini ke nan na katse shi. Masu ƙera ta da gangan suka yi ta haka, ba ta tashi cikin giya, don kada ta zabura ta take wanda ke gabanta. Na tuna lokacin da na fara murɗawa a ƙofar gidan, mata da ƙananan yara ne cike a gaban motar suna leƙen Habsi. Da ta bi umarnina, da a kansu za ta hau. Na rasa ta inda zan kama abin. Ƙarfe an koya masa ya ƙi, ƙin nan ya tsare waɗansu, jahilcina kuma ya mayar da shi jinkiri ga wani. Sabo turken wawa, ni ne wawan ranar. Habsi har yau in ta zo Jega sai ta kawo mini kuka da daddawa, tana cewa ni na ceci ranta, ni kuwa ba na iya haɗa ido da ita.

To Uwata, in kin murɗa kika ji shiru ɗungurungum alhali fitilu na haske, kafin komai ki dubi hannunki na dama. Ki mayar da giya wurin ajiya, ki taka birki, ki murɗa. In ta ƙi, ki sa ta firi ki gwada, wani lokaci ɗan abin da ke gane giyar ne ke gajiya. Kada ki bari a tura ta. Mutane za su taru, za su ba ki shawara goma a numfashi ɗaya, wasu za su ce ke mace me kika sani. Ki gode musu da ladabi, amma kada taro ya yi miki tunani. Duk abin da aka miƙa miki wanda ba ki taɓa riƙewa ba, mota ce ko na'urar asibiti, ki bari mai shi ya gama bayaninsa ko da kina ganin kin fi shi sani. Kullum da safe ki tayar da ita ki saurare ta, tun babu mai nishi a baya. Ki ajiye ta tana fuskantar hanya, kada mai ya sauka ƙasa da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da za ki tafi, da kika shiga mota, kin ga na zo na ɗora tafina a kan murfin inji na rufe ido. Innarki ta ɗauka addu'a nake yi, har ta ɗaga hannu tana amin. Addu'ar na yi ta tun da asuba. Saurare nake yi. Da na ɗan buɗe ido na ga kin tsaya kin karkata kai kafin ki ƙarasa murɗawa, na ce a raina yarinyar nan tana jin famfon mai. Sannan ta tashi, ban ji ta da kunne ba, a tafina na ji ta, wani kaɗawa mai daidaito da ya bi hannuna har ƙirji. Duk shekarun da na yi da inji ban san ana jin sa ta nan ba, sai da aka karɓe ɗaya aka nuna mini ɗayan. Na tsaya ina kallo har kika sha kwana. Da muka shiga gida innarki ta ce, ka ji ta danna maka hon har ta ɓace? Na ce na ji. Ban ji ba, Uwata.

Saboda haka in Allah ya dawo da ke, kada ki tsaya a ƙofar gida kina danna hon kina jiran in fito da gudu kamar da. Ki kashe ta, ki shigo har inda nake zaune, ki dafa kafaɗata.

Allah ya tayar miki da ita duk lokacin da rai ke jiranta. Ya sauki matan da ke hannunki lafiya, su da abin da suke ɗauke da shi. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da gwaggonki.

Wassalam. Ni ne mahaifinki, daga Jega.